Fayil ya ƙi buɗuwa bayan an sauya Windows: mene ne izinin fayil, kuma yaya ake gyara shi?

Tun daga 14 ga Oktoban 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 kyauta, masu kwamfuta da dama suka shiga sauya babbar manhaja. Wasu sun koma Windows 11. Waɗanda na'urarsu ba ta cika sharuɗɗanta ba, musamman tsofaffin kwamfutocin gwanjo marasa TPM 2.0, wasunsu sun rungumi Linux. A unguwa irin Badarawa da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, inda shagon buga takardu ɗaya kan riƙe kundin binciken ɗaliban KASU da na Kaduna Polytechnic, da takardun filaye da hotunan biki a kwamfuta guda, matsalar da ke biyo bayan sauyin sananniya ce: fayil yana nan, ana ganin sunansa, amma ya ƙi buɗuwa. Windows ta ce "Access is denied", Linux kuma ta ce "Permission denied".

Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Kwamfutar ce ba ta gane mai shi ba.

Yadda kwamfuta ke sanin mai fayil

Tsarin ajiya na NTFS, wanda ya zo tare da Windows NT a 1993, yana liƙa wa kowane fayil da kowace folda bayanin wanda ya mallake su, da jerin waɗanda aka yarje wa su karanta, su rubuta ko su goge. Sai dai ba da suna yake gane mutum ba. Kowane asusu yana da doguwar lamba da ake kira SID, wadda kan fara da S-1-5-21, kuma duk lokacin da aka ɗora sabuwar Windows aka buɗe asusu, sabuwar lamba ake bayarwa. Ko da mutum ya maimaita tsohon sunansa da tsohuwar kalmar sirrinsa, baƙo ne a idon tsofaffin fayiloli. Shi ya sa idan aka danna folda da maɓallin dama, aka shiga Properties sannan Security, akan tarar da "Account Unknown" tare da lambar asusun da ya riga ya ɓace.

Matsalar ta fi bayyana a ɓangaren D: da aka bari ba a goge ba, a tsohon faifan ajiya da aka ciro aka jona ta USB, da kuma foldar Windows.old. Game da wannan ta ƙarshe akwai buƙatar hanzari, domin Windows kan share ta da kanta bayan kwana 10. Filas kuwa ba ya yawan shiga wannan rigima, saboda FAT32 da exFAT ba sa ajiye bayanin mallaka ko kaɗan.

Gyara a Windows

Dole a shiga da asusu mai ikon admin. Sau da yawa danna Continue a saƙon da ya fito ya wadatar. In bai yi ba, sai a bi Properties, Security, Advanced, a danna Change kusa da sunan mai mallaka, a rubuta sunan sabon asusu, a kuma zaɓi akwatin da ke miƙa mallakar ga duk abin da ke cikin foldar. A nan mutane da yawa ke tsayawa, su ga har yanzu ƙofa a rufe. Mallaka daban, izini daban: mallaka tana ba mutum damar sauya jerin izinin ne kawai, don haka sai ya ƙara sunansa a jerin ya ba kansa Full control.

Wanda ya saba da Command Prompt zai iya buɗe shi a matsayin admin ya yi aikin da layi biyu. `takeown /f D:\Takardu /r /d y` yana karɓo mallaka, `icacls D:\Takardu /reset /t` kuma yana mayar da izinin zuwa wanda foldar ke gada daga ta samanta. A tsaya kan foldar takardu kaɗai. Yawancin fayilolin da ke C:\Windows mallakar wani asusu ne mai suna TrustedInstaller, kuma da gangan aka yi hakan. Ƙwace su kan hana sabunta manhaja, wani lokacin ma sai an sake ɗora ta daga farko.

Gyara a Linux

Linux ta gaji tsarinta daga Unix, wanda aka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969. Kowane fayil yana da mai shi, da rukuni, da sauran jama'a, kuma kowane ɓangare na iya samun izinin karatu, wanda lambarsa 4, na rubutu 2, na gudanarwa 1. Idan aka ce 644, ana nufin mai shi yana karantawa yana rubutawa, saura karatu kawai. Folda kan ɗauki 755, domin ba a iya shiga folda sai da izinin gudanarwa, abin da ke ruɗa sababbin shiga ƙwarai.

Nan ma lamba ce ke aiki. A Ubuntu da Linux Mint asusun farko yakan sami lamba 1000, na biyu 1001. Idan mai gyara ya fara buɗe asusu da sunan shagonsa kafin na mai kwamfuta, tsofaffin fayiloli sun zama nasa ke nan. Umarnin `ls -l` yana nuna mai mallaka, `sudo chown -R $USER:$USER` tare da hanyar foldar kuma yana dawo da ita. Shawarar `chmod -R 777` da ta cika intanet shawarar ganganci ce, domin tana buɗe komai ga kowa, kuma idan aka yi kuskuren gudanar da ita a kan tushen tsarin, sudo kansa yakan daina aiki.

Masu haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya kan tarar ana karanta ɓangaren Windows amma ba a iya rubutu a ciki. Wannan ba batun izini ba ne. Fast Startup, da aka shigo da shi a Windows 8, ba ya kashe na'ura gaba ɗaya, sai Linux ta ƙi taɓa faifan don gudun ɓarna. A koma Windows a kashe shi, ko a riƙe Shift yayin danna Shut down. Ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ma na iya barin faifan a irin wannan hali, maganinsa kuma shi ne a gudanar da chkdsk daga Windows.

Inda karɓar mallaka ba ta da amfani

Idan an kulle faifan da BitLocker, babu umarnin da zai buɗe shi sai mabuɗin ceto mai lambobi 48, wanda sau da yawa yake ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Tun daga sigar 24H2, Windows 11 kan kunna wannan kullin da kanta idan aka ɗora ta sabuwa aka shiga da asusun Microsoft. Saboda haka duk wanda ya bari mai gyara ya yi amfani da nasa imel wajen saiti, to mabuɗin bayanansa yana hannun wani. Fayilolin da aka kulle da EFS sun fi haɗari: mabuɗinsu yana cikin tsohon asusu, in an yi fomatin ba a fitar da shi ba, da wuya a sake ganin abin da ke ciki. Kafin a taɓa komai, a kwafe bayanai zuwa wani faifan, a buɗe wasu daga ciki a tabbatar suna aiki.

Akwai kuma ɗaya fuskar al'amarin da masu shaguna ba su cika tunawa ba. Sauƙin da mai kwamfuta ke samu wajen karɓo fayilolinsa, shi ne sauƙin da duk wanda faifan ya faɗa hannunsa zai samu, muddin ba a kulle shi ba. Shagon da ya tara hotunan fasfo, lambobin NIN da takardun kwastomomi, ya miƙa kwamfuta gyara ko ya sayar da tsohon faifai bai goge shi ba, ya miƙa su duka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su, Dokar Laifukan Intanet ta 2015 kuma ta tanadi hukunci kan kutsawa kwamfutar wani ba da izini ba.