Tarihin Ɗakin Sigina a Layin Dogon Birtaniya

Gabatarwa

Jirgin ƙasa ya bambanta da mota ta fuska biyu. Direbansa ba shi da sitiyari, saboda haka ba ya iya kauce wa abin da ke gabansa. Kuma ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta kama birki da wuri, har jirgi mai gudu kan ci tazara mai yawa kafin ya tsaya. Sau da yawa, kafin direba ya hango hatsari damar tsayawa ta riga ta wuce shi. Dole ne wani da ke ƙasa ya gani a madadinsa, ya kuma sanar da shi tun da nisa. Wannan larura ce ta haifar da sigina a bakin layi, da ɗakin da ake sarrafa ta daga cikinsa. A Birtaniya aka fara gina wannan tsari, kuma kusan kowace ƙa'ida tasa sai da aka yi asarar rayuka kafin a kafa ta.

Zamanin tuta da agogo

Da aka buɗe layin Liverpool zuwa Manchester a 1830, kamfanonin jirgi sun jera ma'aikata a bakin dogo suna ba direbobi alama da hannu ko tuta, da dare kuma da fitila. 'Yan sanda ake kiransu a lokacin. Ƙa'idar aikinsu tazarar lokaci ce: idan jirgi ya wuce, sai a tsare na bayansa na 'yan mintoci, galibi biyar, sannan a sake shi. Aibin wannan tsari a fili yake. Agogo yana faɗin tsawon lokacin da jirgi ya yi da wucewa, amma ba ya faɗin inda yake. In ya lalace bayan kwana, babu abin da zai tsare shi sai gadin jirgin ya sauka da gudu ya koma baya da jar tuta.

A farkon shekarun 1840 injiniya Charles Hutton Gregory ya kafa sigina mai hannu a New Cross, kan layin Landan zuwa Croydon: dogon turke ne da wani allo a samansa mai motsi kamar hannun mutum. Idan hannun ya miƙe a kwance, ma'anarsa a tsaya. Idan ya karkata, a wuce da hankali; idan ya sauka gaba ɗaya, hanya a buɗe take. A 1843, a mahaɗar Bricklayers Arms, Gregory ya tattara sarrafa alamomi da makarkatai wuri guda. Makarkata ita ce harshen ƙarfen nan da ake turawa don jirgi ya bar wannan layi ya hau wancan. Wannan wuri shi ake ɗauka a matsayin mafarin ɗakin sigina.

Ƙarfen da ke ƙin kuskure

Tattara aiki a hannun mutum ɗaya ya rage ruɗani, amma bai hana shi jan libar da ba ita ba. Maganin wannan ya zo a 1856, lokacin da John Saxby ya yi rajistar dabarar kulle libobi da juna. A ƙarƙashin daɓen ɗakin akwai sanduna da 'yan sakatu na ƙarfe da suka sarƙe. Liba mai buɗe sigina ba za ta jawu ba sai makarkata ta zauna daidai, kuma muddin sigina a buɗe take, makarkatar ba za ta motsa ba. Haka nan ba a iya buɗe hanyoyi biyu masu karo da juna a lokaci guda. Duk ƙarfin ma'aikaci, ƙarfen zai ƙi shi.

Daga nan ɗakin ya ɗauki siffar da aka san shi da ita: bene mai hawa biyu, ƙasa na kayan kulle, sama kuma kewaye da tagogin gilashi domin a ga layi ta kowane gefe. Libobi na jere, kowace da launinta: ja ta siginar tsayawa, rawaya ta siginar gargaɗi da ke can nesa, baƙa ta makarkata, shuɗiya ta kullen makarkata, fara kuwa wadda ba ta aiki. Waya ke haɗa liba da sigina, sandar ƙarfe kuma ke tura makarkata. Ma'aikata kan riƙe ƙyalle su ja liba da shi, don kada gumin hannu ya sa mariƙinta tsatsa.

Daga tazarar lokaci zuwa tazarar wuri

Wayar tangaraho ta Cooke da Wheatstone, wadda aka yi wa rajista a 1837, ta ba da damar ɗaki ya tambayi ɗaki inda jirgi yake. Sai dai tambaya mara tsari ita ma tana kisa. Ranar 25 ga Agusta 1861, jirage uku suka bar Brighton cikin mintoci bakwai, suka nufi ramin Clayton da aka huda cikin tudu. Siginar bakin ramin ba ta koma ja ba bayan wucewar na farko. Mai sigina, Henry Killick, wanda ke cikin aikin awa 24 a jere, ya ɗaga wa na biyu jar tuta, ya zaci direban bai gani ba. Ashe ya gani, ya tsaya a cikin duhu, har ya fara ja da baya. Killick ya buga waya yana tambaya ko ramin ya fita fes, abokin aikinsa na ɗaya bakin ya amsa da e, yana nufin jirgin farko. Sai aka saki na uku. Mutum 23 suka mutu, 176 suka jikkata.

Darasin da aka ɗauka shi ne tsarin zango-zango. Ana yanka layi gida-gida, kowane zango tsakanin ɗakuna biyu, kuma jirgi ɗaya tak ke da izinin zama a zango a lokaci guda. Ɗakunan suna magana da ƙararrawa mai ƙayyadadden bugu. Bugu ɗaya neman hankali ne. Huɗu tambaya ce ko akwai hanya ga jirgin fasinja mai sauri. Biyu na nufin jirgi ya shiga zango. Biyu da ɗaya, ya fita. Shida kuwa hatsari ne a kan layi. Kowane bugu ana rubuta lokacinsa a littafin rajista. Kafin ma'aikaci ya ce jirgi ya fita, sai ya ga jar fitilar da ke bayan taragon ƙarshe, shaidar cewa babu wani tarago da ya tsinke aka baro a hanya.

Wani darasin ya zo daga Abbots Ripton a Janairun 1876. A lokacin alamomi kan zauna a buɗe sai in an rufe su. Dusar ƙanƙara ta daskarar da hannuwan sigina suna nuna hanya, aka yi karo, mutum 13 suka rasu. Daga nan aka juya ƙa'idar: asalin zaman sigina a rufe ne, kuma a ƙera ta yadda in waya ta tsinke nauyinta zai mayar da ita ga alamar tsayawa.

Duk da haka kamfanoni da dama sun yi ta jan ƙafa saboda tsada, har sai da abin Armagh ya faru a Ailan ranar 12 ga Yuni 1889. Jirgin yawon shaƙatawa na 'yan makarantar Lahadi ya kasa hawa tudu, aka raba shi biyu, taragun baya suka gangaro suka haɗu da jirgin da aka saki bisa tazarar lokaci. Mutum 80 suka mutu, da yawansu yara. Kafin wata uku majalisar dokoki ta zartar da dokar 1889, wadda ta ba hukuma ikon tilasta abu uku a layukan fasinja: kulle libobi da juna, tsarin zango, da birki mai kama kansa a dukkan taragu.

Layi guda da sandar izini

Inda dogo ɗaya ne jirage ke bi gaba da baya, barazanar ita ce karo gaba da gaba, kamar yadda ya auku a Thorpe kusa da Norwich a 1874, inda kuskuren saƙon waya ya ci rai 25. A 1878 Edward Tyer ya fito da na'urori biyu da lantarki ya haɗa, ɗaya a kowane bakin zango. Idan aka zare alamar izini daga ɗaya, duka biyun sun kulle har sai an mayar da ita. Direban da ba ya riƙe da wannan alama ba shi da ikon shiga. Matsalar layi guda ita ce kuma ta layukan da Turawan Ingila suka shimfiɗa a Afirka ta Yamma, irin wanda ya isa Kumasi daga Sekondi a 1903 da wanda ya isa Kano a 1911, inda jirage ba sa gifta juna sai a tasha.

Iyakar ƙarfe

Akwai abin da kulle bai iya gani: jirgin da ke tsaye a kan layi an manta da shi. Ranar 22 ga Mayu 1915, a Quintinshill da ke Sikotilan, an kautar da ƙaramin jirgin fasinja zuwa ɗaya babban layin don mai sauri ya wuce. Masu sigina biyu, George Meakin da James Tinsley, sun saba sauya aiki a makare ba da izini ba, sai Tinsley ya shagala da kwafe lokuta cikin rajista don rufe hakan. Ba a saka zoben tunatarwa da ke hana jan liba ba. Tinsley ya buɗe wa jirgin sojoji hanya, alhali a cikin jirgin da ke tsaye gaban tagarsa ya zo aiki. Bayan kamar minti ɗaya jirgi mai sauri ya afka cikin tarkacen, wuta ta tashi. Fiye da mutum 200 suka hallaka, hatsari mafi muni a tarihin layin dogon Birtaniya, aka kuma ɗaure mutanen biyu.

Maganin irin wannan mantuwa ya riga ya samu tun 1872, lokacin da William Robinson ya ƙirƙiro shi a Amurka. Ana sakin ƙaramar wutar lantarki a cikin ƙarafan dogo. Da jirgi ya hau, ƙafafunsa su haɗe ƙarafan biyu, wutar ta daina isa ga na'ura, sigina ta kulle a ja. Jirgi da kansa ke shelar inda yake. Yaɗuwar wannan dabara, tare da fitilu masu launi da injinan tura makarkata, ita ce ta sa ba a buƙatar mutum ya ga layi da idonsa.

Kammalawa

A shekarun 1940 Birtaniya na da ɗakunan sigina wajen 10,000. Zuwa 2012 masu aiki da liba ba su kai 500 ba, domin ana tattara aikin a 'yan manyan cibiyoyi masu kwamfuta. A 2013 an sanya guda 26 cikin gine-ginen tarihi da doka ke karewa a Ingila. Ɗakin Severn Bridge Junction da ke Shrewsbury, mai liba 180, shi ne mafi girma cikin masu aiki da hannu da suka rage a duniya. Gine-ginen suna ƙarewa, amma ƙa'idojin da aka koya a cikinsu su ne kwamfuta ke bi a yau: jirgi ɗaya a zango ɗaya, ba a buɗe hanya sai an kulle ta, kuma duk na'urar da ta lalace ta lalace tana nuna a tsaya.