Daga Sakkwato Zuwa Maiduguri: Waiwaye Kan Tarihin Tazara

Idan aka ja layi miƙaƙƙe a kan taswira daga Sakkwato zuwa Maiduguri, tsawonsa bai wuce kilomita 870 ba, tafiyar da jirgin sama zai yi cikin sa'a guda da 'yan mintuna. Amma duk mai nazarin tarihi ya san cewa awon taswira daban, nisan da matafiyi ke ji a jikinsa daban.

A farkon ƙarni na 19, Daular Usmaniyya da Daular Borno suna fuskantar juna ne kai tsaye. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Al-Kanemi suka yi musaya kan halaccin jihadi, manzanni ne suka riƙa kai su bisa dawaki. Baturen nan Clapperton ya bar Kukawa, fadar Borno ta wancan zamani, a watan Disamba na 1823, ya yada zango a Kano, bai isa Sakkwato ba sai watan Maris na 1824. Tafiyar akwai wuya, amma hanyar a raye take: fatake da malamai da mahajjata duk ita suke bi.

Jirgin sama ma da farko wannan turba ya biyo. A 1925, jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka ratsa Sudan da Chadi, suka biyo ta Maiduguri, wadda Turawa suka mai da hedkwatar Borno a 1907, suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. A 1936 kuma kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano.

Sai dai buƙatar mulkin mallaka ita ce fitar da gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Saboda haka aka karkata akalar sufuri daga arewa zuwa kudu. Layin dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙarasa Sakkwato ba. Na Maiduguri kuwa sai 1964 ya iso. Sufurin sama ya gaji wannan tsari, ya ɗaure kowane birni da Ikko, daga baya da Abuja. Shi ya sa mai son tashi daga Sakkwato zuwa Maiduguri galibi sai ya gangara Abuja ya sake jirgi, ko ya haƙura da tafiyar mota ta fiye da kilomita dubu.

Darasin da ke nan shi ne, na'ura ba ta kusanta garuruwa da kanta. Masu shata hanya ne ke yin haka. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Muddin ba a farfaɗo da hanyar gabas da yamma ba, biranen nan biyu za su ci gaba da gaisawa ta hannun wani.