Raunin Laka Ga Ƙananan Yara Wanda Hoton Ƙashi Ba Ya Nunawa

Akwai wani nau'in rauni da kan samu lakar ƙananan yara bayan haɗari ko faɗuwa, wanda idan aka ɗauki hoton ƙashin wuya ko na gadon baya sai a ga komai lafiya lau, babu karaya, babu gocewa, alhali kuwa lakar da ke ciki ta ji ciwo. Likitoci na kiran wannan lalura SCIWORA, taƙaitaccen suna daga Turanci mai nufin raunin laka da ba ya bayyana a hoton ƙashi.

Wasu likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa biyu, Dachling Pang da James Wilberger, su ne suka raɗa mata sunan a shekarar 1982, bayan nazarin da suka yi kan yara 24 a birnin Pittsburgh na ƙasar Amurka.

Dalilin Da Ya Sa Hoto Ba Ya Nunawa

Laka wata igiya ce ta jijiyoyi da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin gadon baya. Ita ce ke kai saƙon motsi zuwa ga gaɓoɓi, ta kuma dawo wa ƙwaƙwalwa da saƙon abin da jiki ya ji. Hoton ƙashi, har ma da hoton na'urar CT, sun fi ƙwarewa wajen nuna ƙashi, ita kuwa laka abu ce mai taushi da ba ta fita sosai a cikinsu.

Ƙashin babban mutum ya riga ya yi ƙwari, saboda haka idan ya sha bugu mai ƙarfi yakan karye, hoto ya nuna. Na yaro kuwa da sauran guringuntsi a jikinsa, kuma jijiyoyin da suka ɗaure shi suna talewa. Yakan lanƙwashe ko ya goce na ɗan lokaci, ya matse laka ko ya ja ta, sannan ya koma mazauninsa kamar babu abin da ya faru. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 1960 ya nuna cewa ƙashin bayan jariri na iya miƙewa har kimanin santimita 5 ba tare da ya rabu ba, amma lakarsa ba ta wuce kimanin milimita 6 kafin ta tsinke.

Waɗanda Suka Fi Shiga Haɗari

Raunin ya fi muni ga yara 'yan ƙasa da shekara 8. Kansu yana da girma da nauyi idan aka kwatanta da jikinsu, ga shi kuma tsokar wuyansu ba ta yi ƙarfi ba. Daga cikin ƙasusuwan wuya guda 7, wurin da ya fi lanƙwashewa a wuyan ƙaramin yaro shi ne tsakanin na biyu da na uku, kusa da ƙeya, kafin daga baya ya sauko zuwa tsakanin na biyar da na shida idan ya girma. Rauni a wannan sashe na sama kan shafi hannuwa da ƙafafu gaba ɗaya, har ma da numfashi.

Manyan musabbaban sun haɗa da haɗarin mota ko babur, bankewar abin hawa, faɗowa daga bishiya ko bene, wasannin motsa jiki, girgiza jariri da ƙarfi, da kuma naƙuda mai wahala, musamman idan jariri ya zo ta ƙafa.

Alamomi

Alamomin sun haɗa da ciwon wuya ko baya, mutuwar hannu ko ƙafa, sagewa, jin kamar tafiyar kiyashi ko jan lantarki a jiki, kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko shanyewar gaɓoɓi. Ƙaramin yaron da bai iya bayani ba yakan ƙi tsayawa, ko ya daina motsa wata gaɓa.

Babban haɗarin shi ne alamomin kan yi jinkiri. A nazarin 1982, kimanin rabin yaran ba su shanye nan take ba sai daga baya, wasu har bayan kwana 4. Da yawansu sun ɗan ji sagewa ko kasala jim kaɗan bayan haɗarin, ta wuce, aka ɗauka an tsira. Don haka duk wata alama da aka gani, ko da ta gushe cikin mintoci, wajibi ne a shaida wa likita.

Bincike Da Magani

Na'urar MRI ce ke nuna halin da laka ke ciki, ko kumburi ne, ko zubar jini, ko tsinkewa. Yaran da raunin nasu bai yi tsanani ba, kuma MRI bai nuna ɓarna ba, galibi sukan warke sarai. Inda aka samu zubar jini mai yawa ko tsinkewa, naƙasar kan zama ta dindindin.

Ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 sun ba da shawarar tallafe wurin da abin ɗaure wuya ko baya har tsawon mako 12, da kuma kauce wa wasanni masu haɗari har wata 6, domin rauni na biyu kan iya fin na farko muni. Ba a cika yin tiyata ba sai idan wani abu ya danne lakar ko gaɓar ƙashin ta saki. Gashin ƙashi a asibiti na taimakawa wajen farfaɗo da motsi.

Taimakon Gaggawa Da Rigakafi

Idan ana zargin yaro ya bugu a wuya ko baya, kada a sungume shi, kada a zaunar da shi a kan babur, kada kuma a yi masa tausa ko a kai shi wurin mai ɗori. A kwantar da shi a kan katako mai faɗi, a riƙe kansa daidai da jikinsa, a sa masa zane da aka ninka a ƙarƙashin kafaɗu zuwa baya don kada girman kansa ya tanƙwara wuyan gaba, sannan a garzaya da shi asibiti.

A cikin mota kuwa, wurin yaro shi ne kujerar baya, a ɗaure cikin kujerar yara da ta dace da shekarunsa, jarirai su fuskanci baya. Idan kuma aka sallami yaro saboda hoton ƙashi ya fita lafiya, sai daga baya aka ga sauyi a tafiyarsa, motsinsa ko fitsarinsa, a koma da shi asibiti nan take.