Dokar Zaɓe ta 2022 da Yawan Masu Kaɗa Ƙuri'a a Najeriya

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ita ce ta maye gurbin ta 2010. Babban abin da ta zo da shi shi ne bai wa hukumar zaɓe ta INEC hurumin tantance masu zaɓe da na'ura. A kan wannan hurumi aka yi aiki da BVAS, mai duba zanen yatsa da fuska, a babban zaɓen 2023.

An yi zaton gyaran zai jawo jama'a zuwa rumfunan zaɓe, sai dai alƙaluma sun nuna akasin haka. A zaɓen shugaban ƙasa na 2003 an ce kimanin kashi 69 cikin ɗari na masu rajista sun fito. Adadin ya sauko zuwa kusan kashi 44 a 2015, shekarar da aka fara amfani da na'urar karanta kati, sannan kashi 35 a 2019. A 2023 mutum miliyan 93 ne ke cikin rajista, amma ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai miliyan 25 ba, wato kimanin kashi 27.

A nan ake buƙatar lura. Kafin zuwan na'urori, ba wuya a dangwala wa wanda bai zo ba, a rubuta rumfa ta cika maƙil. Saboda haka wani ɓangare na wannan raguwa ƙuri'un bogi ne suka zube, ba mutane ba. Ita ma rajistar tana ɗauke da sunayen mamata da waɗanda suka yi ƙaura, abin da ke ƙara ƙanƙantar da kason.

Duk da haka, akwai waɗanda suka ƙaurace da gaske. Zaɓen 2023 ya zo ana tsakiyar ƙarancin takardun naira bayan sauya fasalin kuɗi, ga kuma wahalar man fetur. Dokar kuwa ba ta taɓa wata tsohuwar ƙa'ida ba: mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake, kuma ranar zaɓe ana taƙaita zirga-zirga. Ɗan kasuwar da ya yi rajista a Katsina amma yake sana'a a Legas, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, dole ya nemi a mayar da rajistarsa tun kafin wa'adi ya cika, ko ya yi tafiyar da kuɗin aljihunsa. Ma'aikatan zaɓe da jami'an tsaron da ke bakin aiki a ranar ma dokar ba ta tanadar musu damar kaɗa ƙuri'a da wuri ba.