Matan Abeokuta: Takardar Koke da Zaman Dirshan a Ƙofar Fada

Ranar 29 ga Nuwamban 1947, mata sama da dubu goma suka cika filin fadar Alake na Abeokuta, Oba Ladapo Ademola na biyu. Galibinsu 'yan kasuwa ne, masu sayar da shinkafa, masu rini da masu ƙananan sana'o'i. Sun rufe rumfunansu, suka zo da tabarmi da abinci, suka kwana a wurin suna waƙoƙin zambo ga sarkin. Kafin wannan rana, matan sun shafe fiye da shekara guda suna rubuta takardun koke, kuma abin da ya biyo baya yana da amsa ga muhawarar da ake yi har yau: tsakanin takarda da titi, wanne hukuma ta fi ji?

Asalin rigimar haraji ne. A 1918 Turawan mulkin mallaka suka ɗora harajin kai a ƙasar Egba, inda Abeokuta take, kuma suka haɗa da mata, abin da ba a yi ba a yawancin sassan Najeriya. Mace na biyan nata daban da na mijinta, ko tana da ciniki ko ba ta da shi, alhali babu mace ko ɗaya a majalisar da ke yanke yadda za a kashe kuɗin. Alake shi kaɗai ne En'e, Razdan na bayansa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu abin ya ƙara muni, domin an ƙayyade farashin abinci, ana ƙwace shinkafar mata a kasuwa da sunan taimakon yaƙi. Matan sun kuma yi ta kokawa kan yadda masu karɓar haraji ke dukansu da wulaƙanta 'yan mata.

Wadda ta haɗa kansu malamar makaranta ce, Funmilayo Ransome-Kuti, mahaifiyar mawaƙi Fela. Tana da ƙungiyar matan 'yan boko da ke koya wa matan kasuwa karatu da rubutu. A wajen darasin ne ta ji irin wahalar da suke sha, sai a 1946 ƙungiyar ta buɗe ƙofa ga kowace mace, ta koma Tarayyar Matan Abeokuta, mambobinta suka kai kimanin dubu ashirin. Cikin na hannun damanta har da Grace Eniola Soyinka, mahaifiyar marubuci Wole Soyinka.

Da alƙalami suka fara, kuma ba su yi wasa da shi ba. Sun ɗauki lauya, sun ɗauki akanta ya binciki littattafan kuɗin En'e, sun aika wasiƙu jaridun Legas, sun miƙa koke ga Alake da Razdan. Buƙatunsu a fili suke: a soke harajin bai-ɗaya a kan mata, a ba mata kujeru a majalisa, a kawo ƙarshen mulkin mutum ɗaya. Amsar da suka samu a ƙarshen 1946 ita ce ƙarin haraji. Da mata kusan dubu suka nufi fada domin nuna ɓacin ransu, 'yan sanda suka tarwatsa su da barkonon tsohuwa.

Daga nan salon ya canza. Mata suka daina biyan harajin, aka riƙa gurfanar da su a kotu, har da ita Funmilayo. Da hukuma ta hana su izinin zanga-zanga, sai suka riƙa cewa biki za su yi ko shan iska. An koya musu yadda za su kare fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, su ɗauki gwangwanin hayaƙin su mayar wa 'yan sanda. Bayan kwanan fada na Nuwamba aka kama wasu daga cikinsu, sai suka sake dawowa ranar 8 ga Disamba, suka ƙi tashi har aka saki 'yan uwansu ranar 10 ga wata. Duk mai sanin garin kasuwa ya san ma'anar mata dubu goma su bar rumfa kwana biyu: abinci ya yanke, kuɗin shiga ya tsaya, ga jaridu na ɗauka. Takardar da ke kwance a ofishin Razdan ba ta taɓa hana kowa barci haka ba.

A 1948 aka dakatar da harajin mata, aka kafa majalisar riƙon ƙwarya mai mata huɗu, Funmilayo na ciki. Ranar 3 ga Janairun 1949 Alake ya yi murabus.

Abin lura shi ne, duk abin da hukuma ta bayar, shi ne abin da matan suka rubuta tun farko. Da Turawa suka rasa mafita, ba su yi lalube ba, domin jerin buƙatu na gabansu, ga lissafin akanta, ga shugabannin da za a zauna da su. Matan Aba da kewaye da suka tashi a 1929 kan jita-jitar haraji sun girgiza gwamnati ƙwarai, har ta sake tsarin sarakunan da ta naɗa musu, amma sai da sojoji suka kashe mata fiye da hamsin, kuma kwamitin bincike na Turawa ne ya tsara gyaran daga baya. Matan Abeokuta kuwa da hannunsu suka rubuta nasu sharuɗɗan, suka tsaya a kai har aka sa hannu.

Nasarar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba. A 1950, bayan ƙura ta lafa, Alake ya koma karagarsa, ya ci gaba da sarauta har rasuwarsa a 1962, duk da cewa ikon da yake da shi a da bai dawo ba. Taron jama'a yana watsewa, kowa na da rumfar da zai koma, kuma masu mulki sun iya jira. Abin da ya rage bayan watsewar shi ne ƙungiya: a 1949 ta faɗaɗa ta zama Tarayyar Matan Najeriya, mai rassa a garuruwa da dama.

Labarin ya iso Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, jagorar matan jam'iyyar NEPU, ta yi tattaki zuwa Abeokuta ta zauna wajen Funmilayo don ta ga yadda ake haɗa kan mata. Gambo ta sha ɗauri sau goma sha shida a fafutukarta, kuma matan Arewa ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976.

Hukuncin da tarihin Abeokuta ya yanke bai da wuyar fahimta. Koke shi kaɗai bai motsa Alake ba a tsawon 1946, sai da matan suka kwana a ƙofarsa. Titi ne ya tilasta aka karanta takardar, kuma abin da ke cikin takardar ne ya zama doka.