Tarihin Dakon Sanyi a Ƙasar Damagaram

Tun zamanin da Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa Zinder a farkon ƙarni na 19, har ya zuwa sarautar ɗansa Tanimun wanda ya riƙe ƙasa daga 1851 zuwa 1884, ya ɗaukaka ganuwar Birni, ya sa maƙera suka zuba masa igwa, babu abin da ya yi wa Damagaram suna a wajen attajiran Tarabulus da Gadamas da Kano kamar kasancewarta masaukin ayari, inda raƙuman da suka keto Sahara ta Gat da Agadas suke durƙusawa a Zango, a sauke takarda da alharini da sukari da bindigogi, a ɗora musu jan fata da gashin jimina da hauren giwa, da kuma bayin Allah da aka mai da su haja, abin da ba ya halatta a ɓoye shi in ana zancen tijarar wancan zamani. Baturen nan Barth ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya zauna jiran saƙon guzuri daga arewa, domin ya san duk abin da aka aiko daga bakin teku nan zai fara faɗowa.

Amma wanda ya dubi jerin kayan nan da idon basira zai lura cewa dukkansu sifa ɗaya ta haɗa su, wato ba su tsoron rana. Kantun gishirin Bilma, da dabino, da kanwa, da fata, ko sun shekara a hanya suna nan yadda suke. Abin da yake da ruwa a jiki kuwa, hikimar mutanen dā ita ce su raba shi da ruwansa kafin su ɗauke shi: nama ya zama kilishi, nono ya zama cuku, kuɓewa da tumatir a yanka a shanya, kifin tafkin Cadi a yi bandarsa. Sun san sanyaya ruwa sarai, gama tulu da randa irin na maginan Mirriya, da salkar da matafiyi ke ratayawa a jikin raƙumi, duk suna tsatstsafar da ruwa ta jikinsu, iska ta kwashe shi, ta tafi da zafi tare da shi. Sai dai wannan sanyi na shan ruwa ne, yana da haddin da ba ya ƙetarewa, kuma ba ya kare haja daga ruɓewa a tafiyar wata guda.

Haja ɗaya ce ta saɓa wa wannan ƙa'ida, kuma a kanta ya kamata a dakata, domin a nan asalin sana'ar dakon sanyi yake. Goro ba ya son bushewa, ba ya son zafi, ga shi kuwa daga ƙasar Gwanja ake ɗauko shi, tafiyar watanni kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Fatake sukan jera shi cikin huhu, su shimfiɗa ganyen fita ƙasa da sama da kewaye, su yayyafa ruwa, su ɗaure. Bayan 'yan kwanaki a kwance huhun a zango, a tsince wanda sankara ta taɓa a fid da shi kada ya ɓata 'yan'uwansa, a sauya ganyen da ya yi yaushi, a sake yayyafi, a sake ɗauri. Haka za a yi ta yi har Kano, har Damagaram, wani ma ya wuce arewa. Bafatake ɗaya ya yi kasala a zango ɗaya, dukiyar shekara ta tafi, kuma mai ita ba zai sani ba sai ran da aka buɗe a kasuwa. A ganina duk ilmin dakon sanyi na yau yana cikin wannan aiki a dunƙule: abin rufi mai tsare zafi, da abin sanyayawa da ake sabuntawa a kowane masauki, da mutum mai amana wanda ba ya tsallake masauki ko da babu mai ganinsa.

Ɗaukar ƙanƙara kanta a tafi da ita, a dā sai sarakunan da ke maƙwabtaka da duwatsu masu dusar ƙanƙara. Shehun malami Alƙalƙashandi, wanda ya rasu a 1418, ya bayyana a littafinsa Subhul A'asha yadda ake kai ta daga ƙasar Sham zuwa Alƙahira, kan raƙuma da cikin jiragen ruwa, don abin shan sarkin Masar. A 1833 wani attajirin Amurka, Frederic Tudor, ya aika da jirgi cike da ƙanƙarar tafki daga Boston har Kalkata ta ƙasar Indiya, aka rufe ta da dussar katako, ta yi wajen wata huɗu a teku, kuma fiye da rabinta ya isa. Damagaram ba ta da dutsen ƙanƙara, ba ta da teku. Kafin injin sanyi ya iso ta, ayarin Sahara ma ya riga ya mutu, domin Faransawa sun ci garin a 1899, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Italiyawa suka faɗa wa Tarabulus a shekarar nan, sa'an nan a 1926 aka ɗauke hedikwatar mulki daga Zinder aka kai Yamai.

Abin da ya wajabta wa ƙasar koyon dakon sanyi shi ne annoba. Damagaram tana tsakiyar yankin da likitan Faransa Lapeyssonnie ya shata a 1963 ya ce nan ne ɗamarar sanƙarau, kuma duk wanda ya girma a nan ya san lokacinta ba sai an gaya masa ba: tana farawa da hazon hunturu, ta tsananta a bazara, ta lafa da saukar damina. Ma'ana, a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, lokacin ne aka fi bukatar a kai magani ƙauye, alhali mafi yawan alluran rigakafi ba su jure abin da ya fita daga digiri 2 zuwa 8. A annobar 1996 an ƙidaya mutane fiye da 250,000 da suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka riga mu gidan gaskiya. Da agana an yi sa'a, gama maganin lambar da aka yi yaƙinta da shi tun daga 1967 busasshe ne mai jure zafi, har aka shelanta ƙarewarta a duniya a 1980. Na ƙyanda da na shan inna ba su da wannan juriya, saboda haka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin faɗaɗa rigakafin yara a 1974, Nijar kuma ta soma nata a 1987, sai ya zamana dole a gina hanyar sanyi wadda ba ta yankewa, daga ma'ajiya ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Zinder, daga nan zuwa Mirriya da Magarya da Matamai da Gure da Tanut, daga can zuwa gidajen likita na karkara, daga su kuma zuwa ruggar Fulani da zangon Buzaye a bakin rijiya.

Firji yana zaune wuri ɗaya, ko mai aiki da kananzir ne irin na farko, ko mai iskar gas, ko mai hasken rana da ya yawaita a 'yan shekarun nan. Tsakanin firji da firji, da kuma tsakanin firji na ƙarshe da damtsen yaro, abin da ke riƙe da sanyin shi ne wata 'yar gorar roba mai faɗi, wadda ba ta kai lita guda ba, cike da ruwa zalla, da murfi mai toshewa sosai. Ana daskarar da ita kwana guda ko biyu, a jera ta a bangon akwatin sanyi ta ciki, a sa kwalaben magani a tsakiya. Babban akwati yakan riƙe sanyi kwanaki, ƙaramin da ma'aikaci ke ratayawa a kafaɗa ko ya ɗaure bayan babur, mai cin gora huɗu, yakan kai yini da kwana in ba a yawaita buɗe shi ba. Sirrin abin shi ne ƙanƙara tana shanye zafi mai yawa kafin ta narke, kuma muddin akwai ragowarta a gorar, ruwan ba ya tashi daga digiri sifiri. Fifikonta a kan tsinken ƙanƙara na kasuwa a bayyane yake: ba ta jiƙa takardar da ke jikin kwalba har rubutu ya goge, ba ta shigar da ƙazanta, kuma idan ta narke ba a yi hasarar kome ba, sai a dawo da ita a sake daskarar da ita, yau da gobe, shekara da shekaru.

A nan akwai wata mas'ala da jahilcinta ya lalata magani mai yawa a duniya, ita ce zaton cewa duk yadda sanyi ya ƙaru alheri ne. Gorar da aka fito da ita daga injin daskarewa takan kai digiri 20 ƙasa da sifiri, kuma akwai alluran da daskarewa ke kashe su kisan da babu gyara, kamar ta sarƙe-haƙora, da ta ciwon hanta, da haɗaɗɗiyar nan mai kare cututtuka biyar da ake yi wa jarirai. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a baza gorunan a kan tebur, a jira har su yi gumi, a girgiza a ji ruwa na motsi a ciki, sa'an nan a jera su. Wannan jira yakan ci rabin sa'a ko fiye, ga mota na jira, ga rana na ɗagawa, ga mata sun taru tun asuba a wani ƙauye. Ma'aikacin da ya daure ya jira, babu wanda zai gode masa, wanda ya gaggauta kuma babu wanda zai kama shi, domin kwalbar da ta daskare ta narke kusan kamanninta ɗaya da lafiyayya a idon mai kallo, uwa ta koma gida da katinta a cike tana zaton ɗanta ya tsira. Malamanmu sun karanta a babin wadi'a na Risala cewa wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi ta'adi. To ga ajiyar da mai ita jariri ne, ba ya iya kai ƙara, kuma ta'adin da aka yi masa ba ya bayyana sai bayan watanni, ran da cuta ta shigo unguwa.

Masana ba su zauna ba. Daga 1996 aka fara manna wa kwalbar maganin shan inna wata alama, murabba'i mai haske a cikin da'ira mai duhu, wanda ke ƙara duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha. In ya yi daidai da da'irar ko ya fi ta, an haramta amfani da ita. Alamar tana shaidar zafi kawai, ba ta shaidar daskarewa. Wasu kuma suka nemi su rage bukatar sanyin baki ɗaya. Maganin bushiya mai jure zafi, wanda ya taimaka aka kawar da wannan cuta ta shanu daga duniya a 2011, a Nijar aka jarraba shi a kan garkunan makiyaya wajen 1990. Allurar MenAfriVac ta sanƙarau, wadda aka soma babban gangaminta a Burkina Faso da Mali da Nijar a Disamban 2010, an yarda a 2012 ta yi kwana huɗu ba ƙanƙara muddin zafi bai wuce digiri 40 ba. A maƙwabta kuma, malamin makaranta Muhammad Bah Abba na Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke tsawaita kwanan tumatir da yalo; amfaninta ga manomi babba ne, amma ba ta kai sanyin da allura ke bukata.

Har yau dai mafi yawan magungunan nan da gora suke tafiya, haka ma samfurin da ake ɗauka daga yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, wanda ke bin hanyar a juye daga ƙauye zuwa ɗakin bincike, kuma da irin wannan bin diddigi aka kai ga shelar 25 ga Agusta 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Raunin hanyar ya fito fili a Agustan 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali wutar Maradi da Zinder ta layin Katsina take zuwa. Firjin hasken rana yana tsare maganin da ke cikinsa, amma ba kowane irinsa ke daskarar da gora ba, kuma gidan likitan da ba shi da daskararriyar gora ba ya iya fita ƙauye ko da maganinsa lafiya yake.

Saboda haka kirana ga masu riƙe da al'amarin lafiya a jihar Damagaram shi ne su ƙidaya gorunan nan kamar yadda suke ƙidaya kwalabe, su tanadi ninki biyu ga kowane akwati domin kashi ɗaya ya kwana yana daskarewa yayin da ɗayan ke hanya, kada kuma a bari su ɓace zuwa kulolin masu sayar da zoɓo da kunun aya. Ga iyaye kuwa, ran da mai allura ya sauka ƙauyenku, ku ba shi inuwa mai kauri ya ajiye akwatinsa, ku hana yara buɗe shi, kuma hakkinku ne ku ce a nuna muku alamar da ke jikin kwalba kafin a taɓa ɗanku.