Labarin Alhaji Mashud Abiola, Attajirin Da Ya Ƙi Sayar Da Amana

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Bayan haka, ya 'yan'uwa ma'aikata, ga tarihin wani mutum na ƙasar Yarbawa wanda ya kamata kowane mai riƙe da amanar jama'a ya sani.

An haifi Mashud Abiola a Abekuta ran 24 ga Agusta, 1937. 'Ya'yan da ubansa ya haifa kafinsa duk sun rasu suna jarirai, saboda haka aka yi masa laƙabi da Kashimawo, watau "mu jira mu gani". Gidansu ba mai wadata ba ne. Tun yana ɗan shekara tara ya ke sayar da itacen wuta kafin ya tafi makaranta. Da ya gama karatu a Abekuta ya kama aikin akawu a banki a Badun, sa'an nan ya tafi Jami'ar Gilasgo ya koyo ilmin lissafin kuɗi.

Da ya komo gida ya yi aiki nan da can, har ya shiga kamfanin ITT na Amurka, masu aikin wayar tarho. Nan arziki ya buɗe masa, ya kai ga muƙamin mataimakin shugaba mai lura da Afirka da Gabas ta Tsakiya. Ya kafa gonaki, da kamfanin jiragen sama, da ƙungiyar 'yan ƙwallo. A 1980 ya buɗe jaridar Concord, kuma cikin jaridun gidan har da ta Hausa, mai suna Amana. Hannunsa a sake ya ke: masallatai da makarantu, kudu da arewa, sun ci moriyarsa. A 1988 Alafin na Oyo ya naɗa shi Are Ona Kakanfo, watau sarkin yaƙin Yarbawa.

Ya yi aure da yawa, amma matansa uku suka fi shahara. Uwargida Simbiyatu ya aura a 1960, tun ba shi da kome. Ita ta sha wuyar farko tare da shi, ta rasu a 1992. A 1973 ya auri Kudiratu, haifaffiyar Zariya. A 1981 kuma ya auri Doyin, ma'abuciyar ilmi, wadda daga baya ta shugabanci gidan jaridarsa.

Ya fara siyasa a jam'iyyar NPN zamanin Shugaba Shehu Shagari, amma da manyanta suka tare masa hanya sai ya fita a 1982. A 1993 ya tsaya neman shugabancin Nijeriya a jam'iyyar SDP, da Babagana Kingibe mataimaki, abokin karawarsa kuwa Alhaji Bashir Tofa na NRC. Aka jefa ƙuri'a ran 12 ga Yuni lami lafiya. Lissafin da ya fito ya nuna Abiola ya sami fiye da miliyan 8, Tofa kusan miliyan 6. Har a Jihar Kano, mahaifar Tofa, Abiola ne ya rinjaya. Amma kafin a gama shela, aka sami umurnin kotu a dakata, sa'an nan ran 23 ga Yuni gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen ɗungum.

A nan ne attajiri ya zama ɗan gwagwarmaya. Da ya so, da ya koma kan cinikinsa ya ci gaba da hutawa, gama abokan tafiyarsa da dama sun karɓi muƙami sa'ad da Janar Abacha ya hau mulki a Nuwamba 1993, har da mataimakin nasa. Shi kuwa ran 11 ga Yuni, 1994, ya tsaya a unguwar Epetedo cikin Ikko ya yi shelar shi ne shugaban ƙasa. Aka kama shi, aka tuhume shi da cin amanar ƙasa. An yi masa tayin saki bisa sharaɗin ya bar maganar, ya ƙi, domin a ganinsa ƙuri'ar ta jama'a ce, ba hajarsa ba ce da zai yi cinikinta.

Da aka tsare miji, Kudiratu ta ɗauki tutar. Ta yi ta tara mutane tana neman a sake shi, har ran 4 ga Yuni, 1996, 'yan bindiga suka harbe ta cikin motarta a Ikko. Abacha ya rasu ran 8 ga Yuni, 1998. Ana sa ran sakin Abiola ke nan, sai ran 7 ga Yuli ciwo ya kama shi yana ganawa da manzannin Amurka a Abuja, ya cika yana da shekara 60, bayan shekara huɗu a tsare.

Gaskiya dokin ƙarfe ce. A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba shi lambar GCFR, wadda a ke ba shugabannin ƙasa, aka mai da 12 ga Yuni ranar tunawa da mulkin jama'a.

To, 'yan'uwa, attajirai nawa aka yi a zamaninsa waɗanda yau ba mai ambatonsu? Dukiya ta sa aka san shi, amma abin da ya ƙi sayarwa shi ya sa a ke tuna shi. Kowane ɗayanmu akwai abin da aka danƙa masa, ko littafin haraji, ko hatimi, ko takardar shari'a. Allah ya ba mu ikon tsarewa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.

Haza wasalam.